Mubaraka da 'Yan Aikenta Biyu

Idan ka sauka a Bebeji ta bakin titin Kano ka tambayi 'yan acaɓa ina cibiyar jarrabawar kwamfuta take, za su nuna maka wani gini mai shuɗin fenti, su ce in ka shiga ka nemi Injiniya. Kada ka tsaya raba ido kana neman ƙato mai gemu. Injiniyar nan siririya ce, hijabinta har ƙasa, sukudireba a jakarta inda wasu ke ajiye man leɓe. Sunanta Mubaraka. 'Yar yayata ce, ni na goye ta, don haka wanda ya ga na cika yabonta sai ya yi haƙuri, ban ma fara ba.

Ni sunana Saudatu, na tsufa ina koyar da 'yan firamare a Kiru. Yayata A'isha ita ta auri Hamma, wani Bafulatani na rugar da ke bayan Ƙafin Maiyaki, mai noma kuma mai shanu. Mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji bakinsa ba. Ni kuwa ƙanwar mata ce, abokiyar wasa, na sha ce masa da shanu yake hira shi ya sa ba ya rage mana komai. Mubaraka ce 'yarsu ta fari, kuma saboda kunyar Fulani ban taɓa jin ya kama sunanta ba. In zai yi maganarta da ni sai ya ce "'yarki".

Tana aji uku a firamare uwarta ta rasu, kuma sai na faɗi yadda aka yi, don komai daga nan ya taso. Damina ce, shuka ta rufe ko'ina, Hamma ya kora shanunsa can wajen Doguwa don kada su yi wa mutane ɓarna. Lokacin waya ba ta zo hannun kowa ba. Zazzaɓi ya kama A'isha, muka ɗauko ta zuwa gidanmu a Kiru. Da ciwo ya yi tsanani mahaifinmu ya tashi wani ɗan uwanmu a kan babur, ya ce je ka kira Hamma. Bawan Allah ya tarar rafi ya kawo, ya shanye hanya. Ya zauna a wani ƙauye yana jiran ruwa ya janye. Mu a nan mun saki jiki saƙo ya isa. Shi Hamma a can, tunda bai ji komai ba, ya ɗauka gida lafiya. A'isha kuwa duk motsin da aka yi a zaure sai ta buɗe ido ta ce, "Ya zo?" Bai zo ba sai da aka yi sadakar uku.

Bai yi kuka ba, ba kuma wanda ya zaci zai yi. Ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwa. Sai da mutane suka ragu ya tambayi mahaifinmu ta wace hanya ɗan aiken ya bi. Aka gaya masa. Sai ya ce, "Da kun aiki biyu." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Tun daga ranar Hamma bai sake aiken mutum ɗaya ba. Suna ne, biki ne, saniya ce ta ɓata, sai ya tashi mutum biyu, kuma ba hanya ɗaya za su bi ba: ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta fadama. Mutanen Ƙafin Maiyaki suka mai da abin na dariya, suna cewa ko gishiri Hamma zai saya sai ya aiki biyu. Ni ma na yi tawa tsokanar, amma a zuciyata na san wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Yana da doka ta biyu kuma, wadda ya fi tsanantawa a kanta. In ɗan aike bai dawo ba, ba a cewa lafiya ce ta riƙe shi. A ɗauka ya faɗi a hanya, a tashi a yi abin da ya kamata.

A hannuna Mubaraka ta yi karatu, amma duk hutu tana ruga, kuma sau da yawa ita ce ɗaya daga cikin 'yan aiken. Yarinya ce mai shegen taɓe-taɓe. Rediyona biyu ta kwance, ɗaya ya tashi, ɗaya har yau yana cikin kwali. Na dake ta a kan na farko, a kan na biyu na gane asarar bulala nake yi. Da ta gama sakandare ta tafi Kano ta yi difloma a fannin kwamfuta, ta dawo ta yi aiki da masu kafa sola a Tudun Wada, tana hawa tsani da hijabinta mutane na tsayawa kallo. Ta auri Zayyad, malamin lissafi, mutum mai haƙuri, dole ma ya zama mai haƙuri. Wayarta biyu, kowace da layin kamfani daban. Makullin ɗakinta biyu, ɗaya a wurina. Ni kan ce mata miji ne kaɗai ba ta ajiye na ko-ta-kwana ba, shi ma don shari'a ta hana.

Ita cibiyar jarrabawar, ta Alhaji Ja'afar ce, wani ɗan kasuwar hatsi. Kafin ya gina ta, duk yaron da ke son shiga jami'a ko kwaleji daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa, sai ya tafi Kano ya kwana ya yi jarrabawa. Namiji ko a masallaci ya kwana ba komai. 'Ya mace fa? Iyaye da yawa ba sa yarda, kuma ni ban ga laifinsu sosai ba. Da aka buɗe cibiyar a ƙofar gida, 'yan matan da na koya wa baƙi da hannuna suka fara zama a gaban kwamfuta. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina.

Sai shekarar da ba a so. Ana tsakiyar jarrabawa aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, batirin da ke riƙe da babbar kwamfutar ya ƙare. Ita babbar kwamfutar saba ake ce mata, ita ke tattara amsoshin duk yaran da ke zaune a zauren. Ta mutu farat ɗaya tana cikin rubutawa, da aka tashe ta aka tarar komai ya dagule. Hukumar jarrabawa ta ce a je Kano a sake. Samari suka tafi, 'yan mata da yawa suka zauna a gida. A cikinsu har da Nusaiba, 'yar maƙwabcina Malam Mujitaba, yarinyar da tun tana ƙarama take ɗaure wa 'yar tsanarta bandeji tana cewa ita nas ce. Na yi ta sintiri a zaurensa har ya gaji da ni, ya ce, "Malama, na ba ta baɗi. In aka sake irin wannan, ta haƙura ta kama ɗinki." Hukuma ita ma ta gaya wa Alhaji Ja'afar nata: in aka sake sau ɗaya, an rufe cibiyar.

A nan ne aka nemo Mubaraka. Ni ma aka ba ni aikin duba 'yan mata a bakin ƙofa ranar jarrabawa, tunda ba namijin da zai ɗaga wa 'yar mutane hijabi. Shi ya sa abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Alhaji ya so a sayo ƙaton batir guda ɗaya a huta. Ina zaune ta ce masa a'a.

"Alhaji, ba ƙanƙantar batir ce ta kayar da ku bara ba. Kowane batir ƙarewa yake yi. Abin da ya faru, ba wanda ya gaya wa saba cewa wuta ta kusa ƙarewa."

"To yanzu kwamfutar ma sai an yi mata sallama?"

"Sai an yi mata, ranka ya daɗe. Kuma ba baki ɗaya ba."

Daga baya ta shigar da ni ɗan ɗakin da sabar take, mai sanyi kamar randa, ta yi mini bayani irin na tsofaffi. Ta ce saba kamar mace ce da ta yi shanyar gari a tsakar gida. In an ce mata ga hadari, za ta kwashe ta shige ɗaki tsaf. In kuwa ruwa ya sauko mata ba labari, gari ya zama kunu. Don haka ta sa aka kawo akwatunan batir biyu, kowanne yana ba sabar wuta ta nasa bakin. Kowanne kuma ta yi masa hanyar aika saƙo. Na farko, wata gajerar igiya ce daga bayansa kai tsaye zuwa sabar. Na biyu, saƙonsa ta wata hanya dabam yake zagayowa, ta wayar sadarwar ginin. Ta zauna ta rubuta wa sabar dokoki. In akwati ɗaya ya ce ya gaji, ɗayan yana da ƙarfi, ki ci gaba da aiki. In duka biyun sun ce sun gaji, ki adana komai ki kashe kanki tun kafin wuta ta yanke.

Na ce, "In ɗaya bai ce komai ba fa?"

Ta dube ni ta yi murmushi. "Inna, kin manta gidan da na fito? In ya yi shiru, ta ɗauka ya faɗi a hanya. Sai ta kasa kunne ga ɗayan, da ya ce ya gaji, ta kwashe shanyarta."

Na juya na yi kamar ina duba silin, don idona ya kawo ruwa.

Ba ta yarda da abin da ta haɗa ba sai da ta gwada shi har mutane suka gaji. Ana zaune lafiya sai ta je ta fizge wutar ginin gaba ɗaya ta tsaya tana kallo. Tasi'u, akawun cibiyar, wanda ke buga wa yara takardar shiga, kullum sai ya dafe ƙirji ya ce Injiniya za ta sa masa hawan jini. A gwajin farko ma ta kama kanta. Saƙon akwati na biyu yana ratsawa ta wata 'yar na'ura da aka jona a bango, da wuta ta ɗauke na'urar ta mutu, saƙo ya maƙale. Ta ce, "Kin gani, Inna? Na raba musu hanya, ashe akwai rafi a gaba." Ta cire na'urar daga bango ta jona ta a jikin batirin. Ta sake fizge wuta, ta sake, sai da abin ya yi yadda take so sau da yawa sannan ta bar Tasi'u ya sha iska.

Ranar jarrabawa ta zo a ƙarshen bazara, ana zafi kamar a gasa mutum. Tun da sassafe motoci da babura suka cika bakin titi. Hukuma ta turo jami'ai biyu daga Kano, mace da namiji. Dokarsu ita ce, kafin a fara sai a kulle ɗakin saba, a manna takardar hatimi a bakin ƙofa, makulli ya zauna a aljihun jami'in. Wanda ya ɓalle hatimin nan ba da hannun jami'in mai makulli ba, an soke jarrabawar duk wanda ya zauna a ranar.

An kulle ɗaki, rukunin safe sun zauna, sai ga Mubaraka ta zo inda nake a bakin ƙofa, fuskarta ba yadda na saba gani ba. Ta nuna mini wayarta.

"Inna, ɗan aikena ɗaya ya yi shiru."

"Wanne?"

"Na gajerar igiya. Da asuba na duba, yana magana. Yanzu babu shi."

Ta je ta roƙi jami'in ya buɗe ta duba. Mutumin kirki ne, amma ya ce tunda ga wuta ga janareto, kuma saba na aiki, ba shi da hujjar da zai kare kansa in ya ɓalle hatimi. Ba ta ja da shi ba. Ta dawo tana zagaya zauren, ina lura da ita, kowane zagaye sai ta leƙa wayar.

Rukunin safe suka gama lafiya. Nusaiba tana rukunin rana. Da ta zo gabana na duba ta kamar kowa, hannunta sanyi ƙalau a wannan zafin. Na ce, "Shiga, Allah ya ba da sa'a." Ta gyaɗa kai ta shige.

Sun fara ke nan aka kira azahar. Jami'in ya bar abokiyar aikinsa a zaure ya tsallaka titi zuwa masallaci, makulli na aljihunsa. Ko raka'a biyu ban ce ya yi ba gabas ta yi baƙi ƙirin. Wanda ya san hadarin farko a ƙasarmu ya san ba ya sallama. Iska ta taso da ƙarfin da ban taɓa gani ba, aka ɗauke wuta, janareto ya karɓa. Muka ce alhamdu lillahi. Ba mu rufe baki ba muka ji ƙara a bayan gini, iska ta yaye kwanon rumfar janareto, ruwa ya sauka a kansa kamar da bakin ƙwarya. Ya yi tari biyu ya mutu. Titi kuwa ba mai iya tsallakawa, kwanukan rumfunan 'yan kasuwa ne ke yawo a sama, ga ruwa ya cika kwalbati ya hau kwalta.

Kwamfutocin yara suna da ɗan batirinsu, suka ci gaba. Saba kuma ta koma kan akwatunan nan biyu, waɗanda Mubaraka ta taɓa gaya mini ba za su wuce a dafa shinkafa a sauke ba. Daga bayan ƙofar da aka kulle muna jin su suna ƙara, ɗit, ɗit, kamar agogon mugunta.

Alhaji Ja'afar ya shigo jiƙe sharkaf, hularsa a hannu. "A ɓalle ƙofar nan! Injiniya, shiga ki kashe ta da hannu kafin ta mutu irin ta bara!"

Jami'ar ta ce in aka taɓa hatimi ba ruwanta, doka za ta yi aikinta. Alhaji ya ce to in aka bari fa? Ya juyo kan Mubaraka kamar zai yi kuka. Gaba kura, baya sayaki. Ita kuwa ta je ta tsaya ta jingina bayanta da ƙofar.

"Alhaji, ba wanda zai taɓa ƙofar nan. Ku bar ta, ta san abin da za ta yi."

"Ba ke kika ce ɗaya ya lalace ba?"

"Shi ya sa na aiki biyu."

A daidai nan sai ga Tasi'u ya matso da wata baƙar igiya a hannunsa. Ashe da safe ɓera ya ci igiyar na'urar buga takarda, ga yara sun yi layi. Ya tuna ya taɓa ganin irinta sak a bayan akwatin batir. Kafin a kulle ɗaki ya faki ido ya shiga ya zaro ta, a cewarsa aro ya yi, yanzu zai mayar. Haka muke, ba shi kaɗai ba. A garinmu maƙwabciya kan shigo ta ɗauki taɓarya ba kya nan, in kin nema a ce ai aro ne. Ni dai na ɗaga hannu zan kai masa rankwashi, Mubaraka ta ce, "Inna, bari. Ya riƙe ta tukuna." Ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na kan wayar.

A jikin ƙofar akwai ɗan gilashi. Na leƙa, ina hango 'yan fitilun sabar kore suna ƙiftawa a cikin duhu. Ƙarar akwatunan ta fara sauri. Ban san me na karanta ba da me ban karanta ba, duk addu'ar da ta zo bakina yi nake. A raina kuwa A'isha nake gani, tana buɗe ido tana tambaya ko ya zo.

Sai wayar Mubaraka ta yi ƙara. Ta duba, ta lumshe ido.

"Ya isa," in ji ta. "Saƙo ya isa."

A cikin zaure duk kwamfutocin yara suka nuna rubutu iri ɗaya, cewa an adana amsoshi, a dakata. Ta gilashin nan na ga fitilun suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a natse, ba gaggawa. Ta ƙarshe ta mutu. Bayanta da ɗan kaɗan akwatunan suka yi doguwar ƙara suka yi shiru su ma.

Amma yara ba su san wannan ba. Su dai sun ga an tsaya, irin ta bara. Zaure ya rikice, wasu na salati, wasu na kuka. Na kutsa na sami Nusaiba ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa.

"Malama, shi ke nan, Baba ya ce ba zai sake bari ba."

"Ɗago kanki. Ba abin da ya ɓata."

"Haka aka ce mana bara."

Sai na riƙe hannunta kawai. Gaskiya ni ma hankalina bai gama kwanciya ba, don ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Da ruwa ya tsagaita jami'in ya tsallako, wandonsa a naɗe har gwiwa, yana ta ba da haƙuri. Masu walda na bakin titi suka turo janaretonsu a baro, ba wanda ya roƙe su, ƙannensu na cikin zauren. Jami'in ya buɗe ɗaki da hannunsa. Mubaraka ta karɓi igiyarta daga hannun Tasi'u ta mayar inda take, sannan ta yi bismilla ta danna. Muka tsaya cirko-cirko. Fitilu suka dawo, injin ya yi ta gurnani, ta yi 'yan danne-danne, ta ɗago ta ce wa jami'ar a gaya wa yara kowa ya shiga da lambarsa.

Ina tsaye a bayan Nusaiba lokacin da nata ya buɗe. Tambayar da ta tsaya a kai ita ce a gabanta, amsoshin baya duk suna nan, har lokacin da ya rage mata bai ragu ba. Ta juyo ta dube ni, hawaye shaɓe-shaɓe, bakinta a buɗe. Na ce, "Me kike kallo a fuskata? Amsa na jikina? Yi aikinki!" Daga ko'ina a zauren sai hamdala kake ji ƙasa-ƙasa, har jami'ar ta tsawatar, ita ma tana murmushi. Ko yaro ɗaya bai rasa komai ba.

Yau Nusaiba tana makarantar koyon aikin jinya, cibiya kuma tana nan, bana har da 'yan mata daga rugagen Doguwa. Tasi'u ya samu sabon suna, Mai Aro, har matarsa da shi take kiransa. Mubaraka ta ɗaure igiyar nan da waya ta kuma saya masa tasa guda biyu. Amma ba nan nake so in tsaya ba.

Da la'asar ɗin ranar jarrabawar nan, a gabana ta kira babanta a waya ta ba shi labari. Washegari kuma sai ga ta da ɗan acaɓa a ƙofar gidana.

"Inna, ki je ki gaya wa Baffa."

"Ba jiya kika gaya masa ina ji ba?"

"Waya ai ɗan aike ɗaya ce."

Na sami Hamma a gindin tsamiya yana tufkar igiya, ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Muka gaisa, aka kawo mini kindirmo. Na ɗauko labari tun daga ɓeran da ya ci igiya, ya bar ni na yi ta zuba kamar bai taɓa ji ba. Da na gama ya ajiye tufkar.

"Ɗayan ya yi shiru?"

"Ya yi shiru tun safe."

"Ba ta ce lafiya ba?"

"Ba ta ce ba. Ta ɗauka ya faɗi a hanya."

"Ɗayan kuma ya isa a kan lokaci."

"Ya isa, Hamma."

Ya ɗaga kai. Yana kallon hanyar Kiru, ni ma na san abin da yake kallo, ban tsokane shi ba ranar. Can ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka je garke, ya ratsa cikin shanu ya dafa wata farar karsana, wadda ta fi kowace kyau, jikar saniyar da A'isha ta fi so.

"Ki gaya wa Mubaraka tata ce."

Tun da aka haife ta, ranar na fara jin sunan a bakinsa. Sai da na share fuska da gefen mayafi sannan na ce yanzun nan zan koma in gaya mata.

Ya ce, "To, ki bi ta fadama. Na riga na tashi ƙanena Sha'aibu ta kasuwa."